Martani: An Bar Jaki Ana Dukan Taiki a Batun Sitatar Tsohon Babur

Na karanta rubutun da wani ɗan'uwa ya yi kwanakin baya a kan tsofaffin baburan da ke yawo a ƙauyukan gundumar Dakoro, inda ya ɗauki Mai Yara a matsayin misali. Malam ya tsaya a kan abu uku. Na farko, ya ce idan sitatar tsohon babur ta daina aiki, shekaru ne suka cim mata, neman gyaranta zubar da kuɗi ne. Na biyu, ya ce mutumin karkara tun asali ba shi da buƙatar sitata, kik ya ishe shi, har ya ba da shawarar a cire batir a huta da sayensa. Na uku, ya ce makanikan ƙauye lalube suke yi cikin duhu, don haka wanda ya matsa lallai sai sitatarsa ta yi aiki, to ya tafi Maradi ya sayo sabuwa dungum a ɗaura masa.

Na yarda da kyakkyawar niyya Malam ya yi rubutunsa, aljihun talaka yake tausayi. Amma gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Shawarar nan, in aka bi ta yadda ya bayar, za ta ci wa mai babur kuɗin da ya fi wanda ake so a tanadar masa, sannan ta bar shi da babur marar fitilar kirki a hanyar yashi cikin dare.

Bari in fara da inda nake tare da shi. Kik abin dogaro ne, babu mai musu. Da yawa daga cikin babura masu injin 125 da ke hannun mutanenmu, ko wane suna aka manna a tanki, tsarin injinsu kwaikwayon Honda CG125 ne, wanda kamfanin na Japan ya fitar a 1975 domin ƙasashen da hanyoyinsu ba su da kyau, kuma masu babur ba su cika canza baƙin mai a kan kari ba. Na farkon fitowa da kik kaɗai suka zo, suka kuma yi aiki shekara da shekaru. Ina tare da shi kuma cewa akwai kayan gyara na jabu a kasuwa, akwai bakaniken da zai ce a sayo wannan, in bai yi ba a sayo wancan, har aljihu ya ƙare. Duk wannan haka yake. Inda muka rabu shi ne hukuncin da ya ɗora a kai.

Abin da mai babur ya gani shi ne ya danna maɓalli, injin bai juya ba. Iyakar abin da ya sani ke nan. Tsakanin yatsansa da injin kuwa akwai abubuwa da dama a jere. Wuta tana tashi daga batir, ta bi ta fis, ta shiga makulli, ta zo maɓallin da ke hannun dama. A wasu baburan sai giya tana firi ko an matse kuloci kafin ta wuce, saboda ƙananan makunnan da aka sa don tsaro. Daga nan ta isa ga wani ɗan ƙaramin abu mai manyan noti biyu da ke kusa da batir, wanda makanikai ke kira rele. Wannan siririyar wuta aikinta ɗaya ne, ta ja wani ƙarfe a cikin rele ya haɗa manyan wayoyi biyu, sai babbar wuta ta kwarara daga batir kai tsaye zuwa sitata. A cikin sitatar akwai ƙananan gawayi da ke gogar jikin abin da ke juyawa suna ba shi wuta. In ta juya, haƙoranta su juya wani faifai mai kamu ta gefe ɗaya, shi kuma ya juya injin. Sannan wutar ta koma batir ta jikin ƙarfen babur. Ko wane ɗaya daga cikin waɗannan ya samu matsala, abin da mai babur zai gani iri ɗaya ne: ya danna, babu labari. Ita sitatar da Malam ya yanke wa hukunci tana can kusa da ƙarshen layi, kuma sau da yawa lafiyarta ƙalau. An bar jaki ana dukan taiki.

Wannan ba sabon abu ba ne. Tun 1912 aka fara sa wa motocin Cadillac sitata a Amurka, bisa ƙirƙirar Charles Kettering. A 1914 kamfanin babura na Indian ya fito da wani babur mai suna Hendee Special da sitatar lantarki, amma bai daɗe ba aka daina ƙera shi, saboda batiran wancan zamani sun kasa ɗaukar aikin. Sai da batir da tsarin caji suka inganta, wajen shekarun 1960, sannan sitata ta zauna da gindinta a babura irin su Honda da Harley-Davidson. Ke nan tun ranar farko, raunin wannan tsari daga batir yake fitowa, kuma har yau daga nan ya kamata mai bincike ya fara.

Ga yadda ake binciken, kuma yawancinsa kunne da ido kawai yake buƙata. A kafa babur a ƙasa mai tauri, a tabbatar giya tana firi, a nisanta shi daga jarkar fetur da murhu. A murɗa makulli, a danna hon. Idan hon ya yi shiru, fitilar firi ma ba ta kama ba, to wuta ba ta fita daga batir sam. A buɗe murfin gefe a duba fis. In ya ƙone, a sa irinsa mai lamba ɗaya da shi. Ɗabi'ar nan ta naɗa masa takardar kwalin taba ko zaren waya ita ce ke ƙona wayoyin babur gaba ɗaya, domin fis an yi shi ne ya mutu a madadin sauran kaya. In sabon ma ya ƙone nan take, akwai wayar da ta goge tana taɓa ƙarfe, sai a bi ta a nemo ta. In fis lafiya yake, a duba kawunan batir. Farin gari ko kore da ke taruwa a kansu, ko noti da girgizar hanya ta sassauta, ya isa ya hana babbar wuta wucewa ko da batirin sabo ne. A fara kwance kan da ke da alamar ɗebewa, a goge duka biyun da samfefa, a wanke garin da ɗan ruwan kanwa ba tare da an bari ya shiga cikin batir ba, a mayar a ɗaure tam, a shafa ɗan giris. Haka ma wayar da ta tashi daga batir aka ɗaure ta a jikin ƙarfe ko injin, a kwance ta a kankare tsatsa. Babura da yawa da aka yi wa ta'aziyyar sitata a nan suke farfaɗowa.

Idan kuwa hon yana kuka, fitila tana kamawa, sai a danna maɓalli a saurara. Sautin da aka ji shi zai nuna inda za a dosa. In an ji ƙas-ƙas-ƙas da sauri, fitila tana dusashewa tare da shi, batir ne ba shi da ƙarfi, ko kuma akwai mahaɗar da ta yi datti. Yana da wutar da zai ja rele, amma da zarar sitata ta nemi nata kaso sai ƙarfin ya faɗi, rele ya saki, ya sake kamawa, ya sake saki. Mutane da yawa a nan suke ruɗewa, su ce ai batir lafiya yake tunda hon yana yi. Hon da fitilar firi wuta kaɗan suke ci, ita kuwa sitata tana jan amfiya gommai a lokaci guda. In kuma an danna ba a ji komai ba, fitila ma ba ta ko motsa ba, to siririyar wutar ce ba ta isa rele ba. A duba jan makunnin kashe inji da ke hannun dama, wanda yara kan taɓa ba a sani ba. A gwada da kuloci a matse. A buɗe gidan maɓallin, domin ƙurar hunturu da ruwan damina suna taruwa a ciki su rufe ɗan tagullar da ke haɗa wuta. Gogewa kaɗan ta wadatar.

Sauti na uku shi ne ƙas guda ɗaya mai ƙarfi, sannan shiru. Wannan yana nufin rele ya ja, amma babbar wuta ba ta yi aiki ba. A nan makanikai ke yin gwajin da kowa ya taɓa gani: a ɗora sukundireba mai mariƙin roba a kan manyan noti biyu na rele na ɗan lokaci kaɗan. Za a ga tartsatsi, shi ya sa dole giya ta kasance a firi kuma babu fetur a kusa. In sitata ta juya garau, ta wanke kanta, laifin na rele ne wanda cikinsa ya ƙone, kuma shi ƙaramin kaya ne da ake canzawa cikin ƴan mintoci. In ba ta juya ba, a bi kakkaurar wayar da ta tafi wurinta a duba notin da ya riƙe ta. Sannan a lura da fitila lokacin da aka danna. In fitila ta mutu murus, wani abu yana shan wuta fiye da kima ko ya cije. Sai a taka kik a hankali: in ya sauka sumul, injin lafiya yake, matsalar tana cikin sitata ko batir. In kik ma ya ƙi sauka, to maganar ta wuce sitata, injin ne ya cije, kuma sabuwar sitata daga Maradi ba za ta yi masa komai ba. Nan kaɗai ya isa ya nuna amfanin bincike kafin saye.

To ko da an tabbatar laifin yana cikin sitatar, har yanzu ba a kai ga jefar da ita ba. Akwai wata alama da masu tsofaffin babura suka sani: ka ɗan ƙwanƙwasa jikinta da mariƙin sifana kana danna maɓalli, sai ta tashi. Wannan gawayi ne suka cinye, ko ƙura ta hana su matsowa su taɓa tagulla. Gawayin nan dama an yi su ne su riƙa cinyewa a hankali, a canza su. Noti biyu ke riƙe da sitatar a jikin injin, dogaye biyu ke riƙe da murfinta. A yi alama a jikinta kafin a buɗe don a mayar daidai, a kakkaɓe baƙar ƙurar da ta taru, a goge tagullar da samfefa mai laushi, a sa sababbin gawayi. In an tarar da baƙin mai a ciki, robar da ke hana mai shiga ce ta lalace, a canza ta, in ba haka ba sababbin gawayin ma ba za su daɗe ba. Kuɗin wannan gyara bai kama ƙafar kuɗin sabuwar sitata ba, kuma tsohuwar da ta zo da babur daga kamfani takan fi wasu sababbin kasuwa ingancin waya.

Saura sauti biyu. Wani lokaci sitata na juyawa fiii da sauri, amma injin bai motsa ba, ko a ji ƙarar ƙarfe na gogar ƙarfe. Wannan lafiyar sitatar ce ma ta nuna. Abin da ya gaza shi ne faifan nan mai kamu ta gefe ɗaya, wanda ke bayan maganaɗisun caji a yawancin ƙananan babura. A cikinsa akwai ƴan dunƙulallun ƙarafa da sifirin da ke tura su, in sun cinye ko sifirin ya saki sai su riƙa zamewa. Su ake canzawa. Wani lokacin kuma sitata na juya injin da ƙarfinta, amma ya ƙi kamawa. A nan babu ruwanta ko kaɗan, ta gama aikinta. A duba fetur, a duba fulogi, a duba kafireto da matacin iska. Wanda ya ci gaba da danna maɓalli a wannan hali shi ne zai kashe ta da hannunsa. Littattafan da ke zuwa da babura suna cewa kada a riƙe maɓalli fiye da daƙiƙa 5, a kuma huta kamar daƙiƙa 10 kafin a sake, domin sitata ƙaramar na'ura ce da ke zafi da wuri.

Wanda ke da ɗan ma'aunin wuta, irin wanda masu gyaran rediyo da masu haɗa sola ke riƙewa, aikinsa ya ƙara sauƙi. Batirin babur mai volt 12 ɗakuna shida gare shi, kowane yana ba da volt 2 da ɗan ɗori. In ya cika ya huta, zai nuna wajen 12.6. In ya nuna 12.2, ya kai rabi. In ya gaza 12, ya kusa ƙarewa. Lokacin da ake danna sitata bai kamata ya faɗi ƙasa da wajen 10 ba, in ya zube can ƙasa to ya gaji ko da an yi masa caji. Gwaji mafi muhimmanci kuwa shi ne bayan injin ya tashi. A ɗan ba shi wuta a auna: ya kamata a ga tsakanin 13.5 da 14.5. In lambar ba ta tashi daga inda take ba, babur ba ya yi wa batirinsa caji, kuma duk sabon batirin da aka sa zai mutu cikin ƴan kwanaki. In ta haura 15, na'urar daidaita caji ta lalace, tana dafa batir tana ƙona ƙwayayen fitila. Mai baburin da ke sayen batir bayan batir yana zagin ƴan kasuwa, sau da yawa wannan ƴar na'ura ce ke cin kuɗinsa.

Malam ya ce batir ba ya ƙarko a ƙasarmu, shi ya sa ya fi kyau a rabu da shi. Rashin ƙarkon gaskiya ne, amma yana da dalilai, kuma da yawansu a hannunmu suke. A watannin Afrilu da Mayu zafi kan haura digiri 40 a jihar Maradi, kuma zafi yana ƙafar da ruwan batir yana rage masa kwana. Wanda ke da batir mai marafai ya riƙa duba ruwan, in ya sauka ya ƙara tataccen ruwan da ake sayarwa don haka. Ruwan rijiya yana da gishirin da ke kashe shi, ƙara asid kuma kuskure ne, domin ruwan ne ke ƙafewa, asid ɗin yana nan. Girgizar hanya tana kakkaɓe cikinsa in ba a ɗaure shi da robarsa ba. A ƙauyukan da wutar kamfanin NIGELEC ba ta kai ba, batirin babur ne ke cajin wayoyin gida, alhali ɗan ƙarami ne, bai kai ko kusa da na mota ba. Ga ƙarin fitilu da akwatin kiɗa da samari ke liƙawa. Ga kuma baburin da ake ajiyewa makonni ba a tayar ba, batir ya zauna babu caji har ya daskare ya ƙi karɓa. Wanda ya kiyaye waɗannan zai ga bambanci a aljihunsa.

Cire batir gaba ɗaya kuwa, wannan ce shawarar da ta fi damuna. Gaskiya ne babura da yawa suna tashi babu batir, domin wutar fulogi daga maganaɗisun injin take zuwa kai tsaye. Amma ba duka ba ne, akwai waɗanda wutar fulogin ma sai ta bi ta batir. Ko a waɗanda ke tashi, batir ne ke daidaita wutar da sauran kaya ke sha. In babu shi, hon ya koma ƙugi, sigina ta daina ƙiftawa, fitila ta riƙa haske in an ba da wuta, ta dusashe in an sassauta, ƙwayaye su riƙa ƙonewa. A ina mai babur ke sassautawa? A cikin rami, a kan kwana, a inda garken shanu ko amalanke ke gabansa. Wato daidai inda ya fi buƙatar haske nan ne hasken ke guduwa. Wanda ya hau kwaltar da ta bi Sabon Maci da Kornaka zuwa Dakoro bayan magariba, manyan motoci na tahowa, ya san fitilar baya da sigina rai suke tsarewa. Shi kuma tsohon batirin da aka cire, kada a yar a tsakar gida ko a fasa shi. Dalma ce a ciki. A unguwar Thiaroye da ke gefen Dakar a Senegal, yara 18 suka rasu tsakanin ƙarshen 2007 da farkon 2008 saboda gubar dalma daga fasa tsofaffin batira. A mayar da shi ga masu saye, a nisanta shi daga yara.

Sai maganar cewa sitata kayan ƴan birni ce, wai lalaci ne ke hana mutum taka kik. Ina roƙon Malam ya sake tunani a kan su wa ke hawan babur a Mai Yara da kewayenta. Akwai dattijon da gwiwa ta fara ba shi matsala, wanda babur ne ke kai shi masallacin Juma'a da gaisuwar mutuwa. Akwai malamin makaranta da ma'aikaciyar lafiya da ke zagaya ƙauyuka. Akwai ɗan kabu-kabu da ke kashewa yana tayarwa tun safe har dare ranar kasuwa, da silifas a ƙafarsa. Akwai wanda ya ɗauro buhunan hatsi ko wake, babur ya mutu masa a tsakiyar yashi. Da sitata, kuloci zai matse ya danna ya wuce. Da kik kaɗai, sai ya nemo firi, ya tokare kayan da ƙafa ɗaya a yashin da ke nutsewa, ya taka da ɗayar. Turawa kuwa ba ta yiwuwa, domin taya ba ta kamu a rairayi. Sannan ga wanda ya ɗauko mai naƙuda ko yaron da zazzaɓi ya sa shi suma, wani na riƙe da shi a baya, ana neman gidan likita cikin dare. A ce su sauka a tayar da babur? Kik ɗin ma da ake yabo ba ƙarfen da ba ya ci ba ne. Haƙoransa na cinyewa, sifirinsa na karyewa, shi ya sa ake ganin babura da kik a liƙe da walda. Mai hanyar tayarwa biyu, in ɗaya ta gaza yana da madogara. Malam yana so a mayar da shi mai hanya ɗaya, a wurin da bakanike ke da nisa.

Hujjar tsada ma, in an duba da kyau, gyara take goyon baya. Kayan babur da yawa ta Kano da Katsina suke shigowa, su bi Jibiya da Ɗan Isa zuwa Maradi, sannan su hau arewa. Mun ga abin da ya faru lokacin da Najeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, mun kuma ga na bayan juyin mulkin da aka yi a ƙasarmu ranar 26 ga Yulin 2023, lokacin da takunkumin ƙungiyar CEDEAO ya sake rufe hanya har zuwa farkon 2024. Kaya sun yi wuya, farashi ya tashi. A irin wannan hali, wanda ya san yadda ake goge kan batir da canza gawayi shi ke da riba. Wanda aka koya wa cewa maganin komai sabuwar sitata ce, zai biya kuɗin mota zuwa Maradi, ya biya kuɗin kaya, ya rasa aikin yini, ya dawo a ɗaura, ya danna ya ji ƙas-ƙas ɗin nan dai na jiya, domin batirin da ke da laifi yana nan inda yake.

Game da makanikanmu, Malam ya yi musu kuɗin goro. Mutanen da ke sauke injin a ƙarƙashin rumfa su haɗa shi ya tashi ba ƴan lalube ba ne. Inda da yawansu ke da rauni shi ne ɓangaren wuta, saboda a wurin maigida suka koyi sana'a, shi ma maigidan bai taɓa riƙe ma'auni ba. Maganin wannan koyarwa ce. Ƙwan fitila mai volt 12 da aka haɗa wa waya biyu ya isa ya nuna inda wuta ta tsaya, ma'aunin wuta kuma ba ya fin ƙarfin mai garejin da ke samun aiki. Muna da cibiyoyin koyon sana'a na CFM, muna da asusun FAFPA da aka kafa don tallafa wa koyon sana'a. Horo na ƴan kwanaki kan wutar babur ga makanikan gundumar Dakoro zai yi amfanin da ya fi tura kowa Maradi. Su ma masu babura suna da nasu laifin. Wani zai zo gareji da hukuncinsa a baki, "Canza mini sitata," in bakanike ya ce a tsaya a duba sai ya ga kamar ana ɓata masa lokaci. Abin da ya dace ya ce shi ne, "Maigida, ga abin da nake ji in na danna, a gwada mini a gabana." In an canza kaya, ya karɓi tsohon.

Ban ce kowace sitata tana gyaruwa ba. In wayoyin cikinta sun ƙone har ana jin ƙauri, ko maganaɗisun jikinta ya ɓalle ya farfashe, canji ya zama dole. In kuma baburin ya tsufa har injin na shan baƙin mai yana hayaƙi, taya ta cinye, birki ba ya kamu, to duk ɗan kuɗin da ke hannu a fara kai shi ga birki da taya, sitata ta jira. Wannan hukunci ne da mutum zai yanke bayan ya san abin da ya lalace da abin da gyaransa zai ci. Abin da na ƙi shi ne a yanke shi tun kafin a buɗe murfin gefe.

Don haka ina kira ga Malam, tunda Allah ya ba shi alƙalami kuma ana karanta shi, ya janye shawarar cire batir, domin rayuka na cikinta. Ina kira ga makanikan Mai Yara da Kornaka da Sabon Maci da Dakoro, kowa ya nemi ma'aunin wuta ya koya wa yaransa aiki da shi. Kai kuma mai tsohon babur, ranar da ka danna ka ji shiru, fara da hon, ka duba fis, ka goge kawunan batir, ka saurari rele, sannan ka je ga sitata. Kada ka fitar da ko dala sai an nuna maka abin da ya lalace. Allah ya tsare mu a hanyoyinmu, ya sa albarka a sana'o'inmu.